Maganin da ya yi wa ɓera aiki, zai yi wa mai cikin gidanku?

Ka san irin saƙon nan da ke faɗowa rukunin WhatsApp na gidanku tun da sassafe, wanda aka tura aka sake turawa har ba a san mai shi ba? "Masana sun gano ganye kaza yana maganin hawan jinin masu ciki." Ko kuma bidiyon TikTok, wata ta riƙe kwalba tana cewa cike take da anti-oksidan, mai ciki ta sha safe da yamma, ba ita ba kumburin ƙafa. Kafin azahar gwaggo ta tura wa yayarka mai cikin wata bakwai a Unguwar Dosa, ta haɗa da cewa, "Ki gwada, an ce har bincike aka yi."

Wani lokacin fa da gaske an yi binciken. Abin da ba a tambaya shi ne, a jikin wa aka yi shi? Sau tari amsar ita ce ɓera, ko 'yan ƙwayoyin mabiyiya da aka zuba cikin faranti a ɗakin gwaje-gwaje. Daga wannan faranti zuwa gadon mai naƙuda a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko tafiya ce ta shekaru, kuma yawancin magungunan da suka kama hanyar a tsakiya suke zubewa.

Wace cuta ce wannan?

Likitoci na ce mata firi-eklamsiya. Takan ɓullo bayan ciki ya wuce mako 20: awon jini ya kai 140/90 ko ya haura, sannan a ga furotin a fitsari, ko alamar cewa ƙoda ko hanta sun fara taɓuwa. Mugun halinta shi ne tana iya yin nisa mace ba ta ji komai ba. Idan alamu suka fito, ga su: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko kamar walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya. In aka bar ta sai ta kai ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, wasu kuma su ce iska ce, a ɓata awoyi ana hayaƙi da turare.

A duniya tana kama mata 2 zuwa 8 cikin kowane masu ciki 100. Ta fi son mai cikin fari, mai ɗauke da tagwaye, mai hawan jini ko ciwon suga tun kafin ciki, da wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini da hawan jini na sahun gaba a cikin masu wannan ɓarna.

Tsatsa a cikin jiki

Tushen matsalar yana wajen mabiyiya. A farkon ciki, mabiyiya kan kutsa cikin jijiyoyin mahaifa ta buɗa su, don jini ya riƙa kwararowa a wadace. A wajen wasu matan aikin ba ya kammala. Sai jinin ya riƙa zuwa kamar ruwan famfo: a kawo da ƙarfi, a ɗauke, a sake kawowa. Wannan kawo-ɗauke yana haifar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki, kamar yadda iska da damshi ke cin kwanon rufi. Jiki na da nasa masu kariya, su ne anti-oksidan ɗin da ake ta talla da su. Idan masu ɓarna suka rinjayi masu kariya, an samu abin da za mu kira tsatsar jiki.

Mabiyiyar da ta wahala sai ta fara zuba wasu abubuwa cikin jinin uwa. A 2003 masu bincike a Boston ta Amurka, ƙarƙashin Dakta Ananth Karumanchi, suka nuna cewa ɗaya daga ciki, wani furotin mai suna sFlt-1, yana yin yawa a jinin masu wannan cuta, kuma yana lahanta jijiyoyin jini. Daga nan ne jini ke hawa, ƙoda ta fara yoyo, ƙwaƙwalwa ta shiga haɗari.

A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, galibi ƙirƙirar ciwon ake yi. A ba ɓera mai ciki wani sinadari da ake kira L-NAME jininta ya hau, ko a matse jijiyar da ke kai jini mahaifarta. Sai a ba ta maganin da ake gwadawa, a auna ko tsatsar ta ragu. Aiki ne mai daraja, kuma da shi ake fara neman hanya. Amma ka tuna, cikin ɓera mako uku ne kacal, na yayarka mako 40.

Yadda bitamin C da E suka ba da kunya

Lissafin ya yi kama da mai sauƙi: tunda tsatsa ce, a ba da maganin tsatsa mana. A 1999 wani ƙaramin gwaji a Landan kan mata 283 ya nuna kamar bitamin C da E na rage cutar. Murna ta ko'ina. Da aka maimaita shi a Birtaniya da mata kusan 2,400, sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2006 ya ce cutar ba ta ragu ba, sai ma jarirai marasa nauyi da suka ɗan fi yawa a ɓangaren da suka sha bitamin. A 2010 Amurka ta gwada da mata kusan 10,000, nan ma shiru. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da waɗannan bitamin da sunan rigakafin wannan cuta.

To ka gani. Idan bitamin da aka auna, aka san adadinsa, ya faɗi jarrabawa, ina ga kwalbar da ba ka san abin da ke cikinta ba?

Ba bitamin kaɗai ba. Masu bincike a Melbourne ta Ostareliya sun ga maganin olsa, esomefrazol, yana rage sFlt-1 a cikin faranti. Da aka gwada shi kan mata 120 a asibitin Tygerberg da ke Cape Town a Afirka ta Kudu, sakamakon 2018 ya nuna bai ƙara wa cikin kwanaki ba. Abin da ya fi tayar da hankali ya faru a Holan a wannan shekarar. Ana gwada sildenafil, wanda ka fi sani da Viagra, kan matan da mabiyiyarsu ta gaza har ɗan tayi ba ya girma, domin a dabbobi ya nuna alamar ƙara kwararar jini. Dole aka dakatar da gwajin bayan jarirai 11 da iyayensu suka sha maganin sun mutu da matsalar huhu.

Akwai dai ɗan haske. Wannan tawaga ta Cape Town, ƙarƙashin Farfesa Cathy Cluver, ta gwada maganin suga, metformin, kan mata 180 da cutar ta kama da wuri. A sakamakon 2021, waɗanda suka sha sun riƙe cikinsu kimanin mako guda fiye da sauran, kuma ga bakwaini mako guda ba wasa ba ne. Duk da haka su kansu masu binciken cewa suka yi sai an yi gwaji mafi girma. Kada wani ya ruga kemis.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Na farko, asfirin ɗan ƙarami ga matan da likita ya ga suna cikin haɗari. Wani gwaji na 2017 kan mata fiye da 1,700 ya nuna ya rage nau'in cutar da ke tilasta haihuwa kafin lokaci da kashi 62 cikin ɗari. Likita ne ke cewa wa za ta sha, nawa, kuma daga yaushe.

Na biyu, allurar magniziyam salfet. Gwajin Magpie na 2002, kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Kuma ba sai mun je nesa ba. Daga 2008 aka shigar da allurar asibitocin gwamnati goma a jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi. Rahoton da Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna mace-macen masu wannan lalura ya faɗo daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin ɗari. Tsohon magani ne mai araha, abin da aka yi kawai shi ne kai shi inda ake buƙata.

Na uku, magungunan saukar da jini waɗanda suka dace da mai ciki. A nan a kula: wasu magungunan hawan jini irin lisinofril suna cutar da ɗan tayi. Kada a ɗebo na Baba a ba ta wai ai duk hawan jini ne.

Na huɗu, haihuwa a kan lokaci. Har gobe cutar ba ta da waraka sai an raba uwa da mabiyiya. Shi ya sa idan likita ya ce a jawo naƙuda ko a yi tiyata, ba son yanka ne ya dame shi ba. Kuma ko an sauka lafiya, jini na iya hawa har zuwa mako shida bayan haihuwa, wato a daidai kwanakin wankan jego.

Naka aikin

Kai da ke riƙe da waya, ke da kike admin ɗin rukunin 'yan'uwa, kafin ku danna turawa ku yi tambaya uku. A mutum aka gwada ko a ɓera? Mutum nawa? Wa ke sayar da kwalbar? Ko da kun ga lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ku karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ku tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Sannan ku yi abin da waya ba za ta yi ba. Ka ɗauki matarka ko yayarka ka kai ta awo tun cikin yana ƙarami, ko a cibiyar lafiya ta unguwa, ko Babban Asibitin Kawo, ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a je aƙalla sau takwas. Kowane zuwa a tambayi lambar awon jinin, a rubuta ta. In da hali, ku yi karo-karo a gida ku sayi na'urar awon jini. Ku san mai mota ko mai Keke Napep ɗin da za ku kira da ƙarfe biyun dare. Idan ta fara jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, a wuce asibiti kai tsaye.

Ku kuma ɗaliban kimiyya na KASU da ABU Zariya da ke kwana da ɓeraye a ɗakin gwaji, kada ku karaya. Wataƙila a hannun ɗayanku maganin zai fito. In kun samu sakamako dai, ku faɗe shi iya girmansa: a ɓera muka gani, saura mutum.

Gobe idan saƙon gwaggo ya sake faɗowa, ka gaishe ta da ladabi, ka ce Allah ya saka da alheri. Sai ka kira yayarka ka tambaye ta: "Yaya, yaushe rabonki da awo, kuma nawa jinin ya nuna?"

Allah ya sauki masu ciki lafiya.