Maɓallan kwamfuta ma suna da masu su

Wasu ƴan kasuwarmu na Tasawa da Mayahi, musamman masu sayen wake da gero, sun fara ajiye lissafi da bashi cikin kwamfuta. To, mu dubi layin maɓallan sama, F1 zuwa F12. Wasunsu Windows ta riga ta kama, kamar rumfar da ke da mai ita. F1 na neman taimako ne, Alt da F4 kuwa rufe aiki suke. Hajiya, in yaron da ya tsara miki manhajar lissafi ya ɗora ajiya kan Alt da F3, ki ce ya canza, kuma manhajar ta riƙa tambaya kafin ta rufe. Yatsa ya zame, cinikin yini ya tafi.