Ciwon Gindin Babban Yatsa Ga Masu Ciki Da Masu Jego

Mata da yawa kan yi kukan zafi a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, a watannin ƙarshe na ciki ko 'yan makonni bayan haihuwa. Wasu su ɗauka targaɗe ne, wasu su ce sanyi ne. Alhali sau da yawa jijiya ce ta matsu. Likitoci na kiran wannan ciwo De Quervain, sunan likitan tiyata ɗan ƙasar Siwizalan da ya yi bayaninsa a 1895.

Jijiyar da muke nufi ita ce farar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin ta agara. Aikinta ja ne, kamar igiyar guga, kuma tana da juriya a kansa. Abin da ba ta so shi ne danniya. Idan ana yawan matse ta a jikin ƙashi, sai ta riƙa tara ruwa, ta yi kauri, ta soma rikiɗa kamar guringuntsi, ƙarfinta ya ragu.

Jijiyoyi 2 masu ɗaga babban yatsa suna bi ne ta wata ƙuntatacciyar kafa a gefen wuyan hannu. Kumburin da ciki ke kawowa yana ƙara matse kafar. Bayan haihuwa kuma, uwa kan ɗaga jariri ta hammata sau da dama a yini, babban yatsa a buɗe, wuyan hannu a lanƙwashe. Ga matse wanki, ga daka. Da haka bangon kafar ke yin kauri, jijiya ta kasa zamewa sai da zafi.

Yaya za ki gane shi? Ki naɗe babban yatsa cikin tafin hannu, ki dunƙule, sannan ki karkata hannun a hankali wajen ƙaramin yatsa. In kin ji zafi mai tsanani a gindin babban yatsan, ki faɗa wa ma'aikatan lafiya ranar awo.

Kafin nan, ki riƙa tallafo jariri ta ƙasa, hannu ɗaya a ɗuwawu, ɗaya a ƙeya. Wajen shayarwa ki sa matashi ya ɗauki nauyinsa. Ki ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 10 zuwa 15. Kada a murza wurin da ƙarfi, kada a kai wa mai ɗori, domin matsi ne za a ƙara. Mai ciki ta guji ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Maigida da 'yan'uwa su karɓe mata wanki da daka.

A asibiti akan ba da maɗauri mai hana yatsan motsi, in bai lafa ba a yi allura a wurin. Tiyata ba kasafai ake kai wa gare ta ba, kuma ga mata da yawa ciwon kan tafi bayan yaye.

Amma in hannuwa da fuska sun kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba na jijiya ba ne. Yana iya zama hawan jinin masu ciki. A garzayo asibiti nan take.