Idan Ɗan-ture Ya Ƙi Ture: Yadda Ake Gano Ciwon Na'urar Pinbol

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta mai Windows XP zai tuna wasan nan da ake harba 'yar ƙwallo ta yi ta karo da abubuwa, fitilu na walƙiya, maki na hauhawa. To, wancan inuwa ce kawai. Mai inuwar yana can Amurka, sunansa pinbol. Akwati ne mai ƙafa huɗu, tsawonsa kamar teburin mai shayi, an rufe shi da gilashi, an ɗan karkata shi yadda ƙwallo za ta gangaro kamar ruwa a indararo. Ita ƙwallon ta ƙarfe ce zalla, girmanta bai wuce na ƙaramin lemun tsami ba.

Yadda Ƙofar Mata take ga rini a Kano, haka birnin Shikago yake ga wannan sana'a. A can kamfanin Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a 1931, a 1947 kuma ya fitar da Humpty Dumpty, wadda ta zo da 'yan fukafukan da mai wasa yake dukan ƙwallo da su. Birnin New York ya haramta wasan a 1942 bisa zargin caca ce, bai janye ba sai a 1976, bayan wani gwani, Roger Sharpe, ya yi wasa a gaban 'yan majalisar birnin ya nuna musu cewa aikin ƙwarewa ne.

A saman filin wasan akwai wasu abubuwa masu kai kamar malafa, galibi guda uku, an jera su kamar duwatsun murhu. Bari mu kira kowannensu ɗan-ture, domin aikinsa ke nan: ƙwallo na taɓa shi, sai ya ture ta da ƙarfi. Idan ta faɗa tsakaninsu, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya maido, ka ji sauti kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Ranar da ɗaya ya yi shiru kuwa, luguden ya lalace. Ƙwallo ta zo ta jingina da shi ta gangara abinta, kamar an yi sallama a gidan da babu kowa.

Kafin a nemi magani, sai an san yadda lafiyayye yake aiki. A gindin ɗan-ture akwai wani faifan roba da masu gyara suke kira siket. Ƙwallo na hawa gefensa sai ya karkata, kamar faifai a bakin ƙwarya idan kaza ta taka gefe ɗaya. Faifan yana da tsinke da ya ratsa katako ya sauka ƙasa, bakinsa na zaune cikin wani ɗan cokali na roba. Tsinken na motsawa, sai ya danna cokalin, cokalin ya haɗa wasu siraran ƙarafa biyu da ke fuskantar juna kamar leɓɓa. Makunnin ke nan. Leɓɓan na haɗuwa, wuta ta shiga wani naɗin waya da ake kira kwayil, kwayil ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani sandan ƙarfe cikinsa kamar yadda taɓarya take faɗawa turmi. Sandan ya jawo wani zoben ƙarfe daga sama, zoben ya matse ƙwallo, ita kuwa ta suɓuce kamar ƙwayar kankana tsakanin yatsu biyu. Sai wani sifirin da ke jikin sandan ya mayar da komai mazauninsa. Duk wannan kafin ƙiftawa da bismillah.

Ka ga ashe ɗibar ruwa ce a rijiya: ga guga, ga igiya, ga hannun mai ja. Idan ruwa bai hau ba, mai hankali ba ya cewa rijiya ta ƙafe sai ya duba ko guga ce ta huje, ko igiya ce ta tsinke. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutum zai fara da sayen sabon kwayil, alhali sau da yawa ciwon bai wuce datti ko waya ɗaya da ta saki ba.

Da farko a zare filogi daga bango. A zame gilashin a jingine shi inda ba zai fashe ba, a kwashe ƙwallo don kada ta faɗo ta fasa wani abu, sannan a ɗaga filin kamar bonet ɗin mota a tokare shi. Wutar da ke zuwa kwayil takan kai bolt 50 a na'urori da yawa, ta allon maki a wasu tsofaffi kuwa ta fi haka nesa. Ba a sa hannu a ramin da ba a san abin da ke ciki ba.

Tambayar farko ita ce wadda kowa yake yi idan wuta ta ɗauke: gidanmu ne kawai, ko duk unguwa ce? Idan ukun duka sun yi shiru, kar ka wahalar da kanka a kan ɗaya. Je ka duba fiyus da wayar da ke ciyar da su gaba ɗaya. Fiyus maigadi ne da yake ba da ransa don gida ya tsira. Idan ya ƙone, a sa mai ƙarfi daidai da nasa. Kada a naɗe shi da waya, domin wannan korar maigadi ce a bar ƙofa a buɗe. In sabon ma ya ƙone, to ɓarawon yana cikin gida, sai a nemo shi.

Idan ɗaya ne kaɗai ya ƙi, na'urorin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1970 suna da kwamfuta a ciki, da maɓallan gwaji a bayan ƙofar da ake jefa kuɗi. A mayar da wuta, a janye hannu, a danna gwaji. Na'urar za ta kira kowane kwayil ɗaya bayan ɗaya, kamar malami yana kiran suna a aji. Idan ɗan-ture ya amsa da ƙarfinsa, to jikinsa lafiya, kunnensa ne ya toshe, wato makunni. Idan bai amsa ba, ciwon yana ɓangaren kwayil. Wannan gwaji ɗaya ya raba maka aiki biyu. Na'urorin da suka girmi wancan zamani ba su da kwamfuta, su sai ido da yatsa.

A makunni, tazarar leɓɓan nan ita ce komai. Kamar kaurin ƙwandala take, ko ƙasa da haka kaɗan. In ta yi faɗi, ɗan-ture ya zama jaki mai taurin kai, sai an yi masa dukan gaske kafin ya motsa. In ta matse da yawa, ya zama karen da ke haushi ko ganye ne ya faɗi: maƙwabcinsa na bugawa, shi ma ya buga ba tare da ƙwallo ta zo ba. A lanƙwasa ƙarfen daga gindinsa sannu a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Dattin bakin kuwa, a zura ɗan kwali mai tsabta tsakani, a matse, a ja. Kada a goga samfefa a kan masu ruwan zinare, za ta kankare shi. A duba kuma cewa tsinken yana tsakiyar cokali, cokalin bai tsage ba.

A ɓangaren kwayil, fara da wayoyin da aka liƙa da dalma. Abin da yake shan girgiza sau dubbai dole wata rana ya saki, kamar notin amalanke a hanyar gargada. Ɗan ja kowace waya. Wadda ta biyo hannunka ita ce mai laifi, dalma kaɗan ta ishe ta. Sannan sa hanci. Ƙonannen kwayil yana da ƙauri kamar tukunyar da aka manta a wuta, takardar jikinsa ta yi baƙi. Masu gyaran fanka sun san wannan wari sarai. Mitar gwajin lantarki ma za ta faɗa maka: lafiyayye yakan nuna om kaɗan, wajen goma, wanda ya tsinke ba ya nuna komai, wanda ya narke kuma yana nuna kusan sifiri. Danna sandan da yatsa ka ji ko yana shiga yana dawowa sumul. In yana cijewa, a sauya 'yar robar da yake zamewa a ciki. Kada a zuba masa mai, domin mai da ƙura idan suka haɗu caɓo suke zama.

Sai a ƙarshe ake zuwa fanel, wato allon lantarkin na'urar, inda tiransisto yake tsaron ƙofar wuta. Mutuwarsa iri biyu ce. Ko ya mutu ƙofa a rufe, kwayil bai samu komai ba. Ko ya mutu ƙofa a buɗe, ana kunna na'ura ɗan-ture ya fizge ya ƙi saki, kamar famfon da kansa ya lalace. In ka ga haka, kashe nan take, in ba haka ba kwayil zai dahu. Wanda ya sa sabon kwayil bai gyara wannan ba, ya zuba ruwa a randa mai huji. A jikin kwayil na na'urori da yawa akwai ɗan dayod mai zane a gefe ɗaya. Kwayil yana da shuri irin na jaki idan aka yanke masa wuta, dayod ne yake tare shurin. A juya shi baibai, tiransisto ya tafi. Shi ya sa ake ɗaukar hoto da waya kafin a kwance komai.

Ruwa ba ya tsami banza, na'ura ma haka. Ko pinbol ce a gabanka, ko fanka, ko injin markaɗe, bi igiyar daga guga zuwa hannu: fiyus, makunni, waya, kwayil, sannan fanel. Fara da abin da kwali zai gyara kafin abin da aljihu zai gyara.