Mai a ƙarƙashin teku, ƙarfe a sararin sama

Ba a tudu kaɗai ake gina rijiyar man fetur ba. Har a ƙarƙashin teku akwai mai. Don a fiddo shi, sai a kafa babban dandali na ƙarfe bisa ruwa, a zura bututu har ƙasa.

Ranar 20 ga watan Afrilu 2010, iskar gas ta taso daga irin wannan rijiya a tekun Meksiko, kusa da gaɓar Amurka. Dandalin, mai suna Deepwater Horizon, ya kama da wuta. Ma'aikata 11 suka mutu. Bayan kwana biyu dandalin ya nutse, bakin rijiyar ya tsaya buɗe a ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 1500. Sai an haɗa rijiyar ƙauye hamsin, kowace mai mita 30, kafin a kai wannan zurfi. Can ƙasa ga duhu, ga sanyi, ga nauyin ruwa. Ba mai iya yin nutso ya kai. Sai injuna aka tura, ana sarrafa su daga cikin jirgi.

Kwana 87 mai yana ta bulbulowa. Ya ɓata gaɓar teku, ya manne wa tsuntsaye a fukafukai, ya kashe kifaye da kunkurai. Aka hana kamun kifi a wurare da yawa, masunta suka zauna ba sana'a. Masu ginar sun gwanance da huda ƙasa, amma ba su shirya toshe ta da sauri ba.

A sararin sama ma akwai irin wannan matsala. A 1957 aka harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Dubbai sun biyo bayansa. Suna da amfani: suna nuna tafiyar hadari, suna isar da waya da talabijin. Amma wanda ya lalace ba lalle ba ne ya faɗo nan da nan. Wani sai ya shekara da shekaru yana kewaya duniya, yana cin fiye da kilomita 7 kowace daƙiƙa. Da irin wannan gudu, ɗan guntun ƙarfe ma yana iya huda kumbo.

A 2009, wani tauraron Amurka mai aiki ya yi karo da wani mataccen na Rasha. Suka farfashe, guntayensu suka watsu a hanyar da sauran taurari ke bi.

Tambayoyi
1. Me ya sa toshe rijiyar ya yi wuya?
2. Su wa suka yi hasara, ban da masu rijiyar?
3. Wa ya kamata ya kwashe guntayen da ke sama?