Gyaran tsohon gida a ƙasar Adar: inuwa kafin na'ura

A Tama, cikin kwarin Magiya, da kuma Buza, Madawa da Kaita, duk wanda Allah ya buɗa wa, kwanon rufi yake fara saye. Dalili a fili yake: azarar giginya ta yi wuya, rufin ƙasa kuwa sai an bi shi da yaɓe kafin kowace damina. Amma idan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, sai ɗakin kwano ya koma tanda. Jarirai da tsofaffi su ne suke fara galabaita, maigida kuma ya ruga kasuwa neman fanka.

To, fanka wuta take ci, wutar kuwa ba kullum take hannunmu ba. A watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa kamfanin NIGELEC, kowa ya ga inda dogaro da na'ura yake ƙarewa. Ba a ce a rushe gidaje a sake gini ba. Gyara za a yi wa gidan da ake ciki, kuma gyaran yana da tsari.

Daga sama ake farawa

Kwano yana shan rana ya zubo zafinta cikin ɗaki. Maganin farko shi ne rufi na biyu a ƙarƙashinsa, na katako ko na tabarma, tare da barin fili tsakaninsu da ƙananan kafofi a ƙarshen bango, don iska mai zafi ta samu mafita. Farin fenti a bayan kwano yana mayar da hasken rana, ƙarfen ya rage ɗaukar zafi. Sai bangon yamma, wanda ranar la'asar take gasawa ya kwana yana huci: rumfar zana ko itacen bedi ɗaya ya ishe shi. Mutanen Magiya ba baƙin bedi ba ne, tun da da shi aka dasa layukan tare iska na wannan kwari daga 1975, da taimakon ƙungiyar CARE.

A yi hattara da abu guda: shafa siminti a kan bangon ƙasa. Siminti yana tsare danshi a ciki, daga baya ya ɓare ya faɗo da fuskar bangon. Yaɓen ƙasa da farar ƙasa sun fi dacewa da tubali.

Madafa ma cikin gida take. Murhun duwatsu uku yana barin yawancin wuta tana fita ta gefen tukunya. Murhun Albarka na laka da Mai Sauƙi na ƙarfe, waɗanda aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980, suna tattara ta wuri ɗaya, itace ya daɗe. A ƙasar da aikin raya karkara na Kaita ya sha wahalar mayar wa da itatuwa tun 1984, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Darasin Dandaji

Mai shakkar darajar tsohon gini ya leƙa Dandaji, a nan jihar Tawa. Tsohon masallacin ƙasa na garin ya lalace, har an yi niyyar rushe shi. Masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. Kaurin bango da mashigar iska su ne suke sanyaya wurin.

Wa zai biya?

Nan gizo yake saƙa. Ma'aikacin da aka turo Buza haya yake zaune, bai san ranar da za a ɗauke shi ba, don haka ba ya zuba kuɗi a gidan wani. Ɗan kasuwar da ya mallaki gidan kuwa ba shi yake kwana cikin zafin ba, ba shi yake biyan kuɗin wuta ba. Mafita ita ce su zauna gaban shaidu: mai haya ya yi gyaran, a riƙa cire masa daga kuɗin wata. Shi ya samu barci, maigida ya samu gidan da ba ya rasa mai nema. Lokacin wannan shawara kuwa shi ne watannin ɗari, tun magina suna da sarari, kafin bazara ta ƙwanƙwasa ƙofa.