Shin Ko Kun San? Aikin Da Ba A Ƙirga Ribarsa

Shin ko kun san cewa mabiya addinin Hindu suna da suna na musamman ga aikin da mutum ya yi bai ƙwallafa rai a kan abin da zai samu ba? Nishkama karma suke ce masa. A harshen Sanskirit, kama shi ne kwaɗayi, karma kuwa aiki, gaɓar farko kuma ita ke kore kwaɗayin. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun fi jin karma da ma'anar alhaki, abin da ka shuka shi za ka girba. Asalin kalmar dai aiki ne kurum.

Shin ko kun san cewa a fagen daga aka koyar da wannan darasi? Yana cikin Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700, wanda shi kansa yanki ne na doguwar waƙar nan Mahabharata. 'Ya'yan wa da ƙani ne suka ja daga a Kurukshetra, da ke jihar Haryana ta yau: Pandawa su biyar, Kaurawa su ɗari. Arjuna, gwanin baka na Pandawa, ya sa mai tuƙa masa keken yaƙi, Krishna, ya kai shi tsakiyar fili. Yana ɗaga ido sai ga Bhishma, dattijon gidansu, ga kuma Drona, malamin da ya koya masa harbi, duk a sahun abokan gaba. Jikinsa ya yi sanyi, ya aje baka, ya zauna ya ce shi kam ya fasa. Kusan duk sauran littafin amsar Krishna ce, wanda mabiya Hindu da dama ke ɗauka cewa abin bautarsu Vishnu ne ya sauko a siffar mutum.

Abin da ya fi kama ni a amsar shi ne bai ce masa ya bar duniya ya shiga daji ba, alhali a Indiya ta wancan zamani barin gida da dukiya babbar hanyar tsarkake kai ce. Aikin yana nan daram, kuma a yi shi da kyau. Abin da ake so a saki shi ne ƙulafucin sakamako. Ku dubi ungozoma tsakar dare, haihuwa ta zo da gardama. In hankalinta ya tafi ga tukwici, ko ga abin da dangi za su ce in aka rasa jaririn, hannunta zai yi rawa. In ta tattara hankali a kan abin da ke gabanta, ta fi kusa da ceton rai biyu. Musulmi mai karatu zai tuna da ikhlasi, da yin abu don Allah. Akwai kama, amma tushe ya bambanta: su mabiya Hindu a imaninsu aikin kwaɗayi ne ke ɗaure rai har a yi ta sake haihuwarsa, aikin da ba kwaɗayi kuwa shi ke kwance ɗaurin.

Shin ko kun san cewa sai a 1785 littafin Gita ya fito da Ingilishi, ta hannun Charles Wilkins, ma'aikacin kamfanin Turawan da ke mulkin Bengal a wancan lokaci?

Shin ko kun san cewa a kurkuku aka rubuta ɗaya daga manyan sharhohinsa? Turawan Ingila sun ɗaure Bal Gangadhar Tilak shekara shida a Mandalay ta ƙasar Bama daga 1908. A can, da fensir, ya rubuta Gita Rahasya da harshen Marathi, aka buga shi a 1915. Hujjarsa ita ce littafin kira ne a tashi a yi aiki, kuma masu neman 'yancin Indiya sun gane inda ya dosa.

Shi kuwa Gandhi, abin mamaki, a Landan ya fara karanta Gita yana ɗalibin shari'a, cikin fassarar Ingilishi ta Edwin Arnold. Daga baya ya fassara shi da Gujarati, harshen uwarsa, ya sa masa suna Anasaktiyoga, wato tafarkin rashin ƙwallafa rai. Ya fito a 1930, shekarar da Gandhi, yana da shekara 60, ya bar mazauninsa na Sabarmati a ƙasa ranar 12 ga Maris da mutum 78, ya nufi bakin teku a Dandi. Da safiyar 6 ga Afrilu ya duƙa ya ɗebi gishiri da hannunsa, ya karya dokar gishiri ta Turawa. A wurinsa yaƙin Kurukshetra misali ne na yaƙin da ke cikin zuciya, kuma wanda ya saki kwaɗayi ba shi da dalilin zub da jini.

To amma shin ko kun san cewa Nathuram Godse, wanda ya harbe Gandhi ranar 30 ga Janairu 1948, shi ma da Arjuna ya kafa hujja a gaban kotu? Wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai. Robert Oppenheimer, jagoran masanan da suka ƙera wa Amurka bam ɗin nukiliya a 1945, shi ma ya koyi Sanskirit ya karanta littafin a harshensa na asali. Ashe tambayar da ke gaba ita ce, wa ke yanke wa mutum abin da ya wajaba a kansa?

'Yan Indiya da kansu sun daɗe suna wannan muhawara. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci tsara kundin tsarin mulkinsu, kuma ya fito daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya soki littafin da cewa yana ɗaure wa tsarin bambancin asali gindi, tunda wajibin kowa na rataye da rukuninsa. Ka ce wa mai kwasar bahaya ya riƙe gadonsa kada ya dubi lada, ai wannan zalunci ne. Amartya Sen, mai kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1998, ya ce damuwar Arjuna kan gawarwakin da yaƙi zai bari ba abin yarwa ba ce. Ni ma ina tare da shi a nan, domin yaƙin Mahabharata ya ƙare ne da fili cike da gawa da kukan zawarawa.

Shin ko kun san cewa almajirin Gandhi, Vinoba Bhave, ya karantar da fursunoni Gita babi bayan babi a kurkukun Dhule a 1932? A 1951, a ƙauyen Pochampally na Telangana, talakawa marasa gona suka kai masa kuka, wani mai ƙasa ya miƙe ya ba da eka 100. Daga nan Vinoba ya shafe fiye da shekara goma yana zaga Indiya a ƙafa, ƙauye zuwa ƙauye, yana roƙon masu gonaki su ɗauke shi tamkar ɗansu na shida, su ba shi rabonsa ya miƙa wa marasa shi.