Gumin Da Ba A Gani: Yadda Lantarki Ke Auna Jikin Masu Ninkaya

Duk wanda ya taɓa zama a Keffi tsakanin watan Maris da na Afrilu ya san irin zafin da ake sha kafin faɗuwar damina. Ɗan ƙwallon da ya fito daga fili a irin wannan lokaci ba ya bukatar a ce masa ya sha ruwa, rigarsa kaɗai ta isa shaida. Amma shi mai iyo, ko a Kogin Antau yake bayan ruwa ya kawo, ko a tafkin ninkaya irin na zamani, ba wanda ke ganin guminsa, har shi kansa, domin ruwan da yake ciki yana wanke shi tun bai tsaya a fata ba.

Gumin kuwa yana nan. A cikin 2002 masana na Cibiyar Wasanni ta ƙasar Ostareliya suka auna manyan 'yan ninkayarsu, suka sami cewa a kan zubar da gumi wajen mililita 120 a kowace kilomita. Wanda ya yi kilomita 6 da safe ya zubar da fiye da sulusi biyu na lita ke nan, ga kuma na yamma yana jiransa. Har ila yau nauyin ruwa yakan tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, sai jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ƙoda ta ƙara fitsari, ƙishirwa kuma ta lafa. Watau mutum yana bushewa a tsakiyar ruwa bai sani ba.

Idan ruwan ya yi ɗumi abin yakan wuce maganar rasa lambar yabo. A watan Oktoba na 2010, Fran Crippen, wani gwanin ninkaya na Amurka mai shekara 26, ya rasu yana cikin tseren kilomita 10 a tekun Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ranar da ruwan ya yi zafi ƙwarai. Bayan wannan ne hukumar ninkaya ta duniya ta hana yin irin wannan tsere a ruwan da ɗuminsa ya wuce digiri 31. Tafkin gasa kuwa ƙa'idarsa digiri 25 zuwa 28 ne, abin da ke da wuyar samu a tafkin da ke buɗe ƙarƙashin ranar bazara ta ƙasarmu.

To, yaya mai horarwa zai san halin da cikin jikin yaronsa yake? Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi yanzu ita ce auna turjiyar da jiki ke yi wa lantarki. Akan kwantar da mutum rigingine, a manna masa 'yan faifai biyu a hannun dama, biyu a ƙafar dama, sa'an nan a saki lantarki ɗan ƙanƙane wanda fata ba ta ko jin shigarsa, mai kai da komowa sau dubu 50 a cikin daƙiƙa guda. Ruwan jiki yana da gishiri, saboda haka lantarki yakan ratsa shi ba wuya. Tsoka kuwa kashi 73 cikin ɗari nata ruwa ne a bisa ƙiyasi, alhali kitse da ƙashi ruwansu kaɗan ne. Jiki mai ruwa isasshe turjiyarsa kaɗan ce, idan ruwan ya ragu sai ta hau.

Akwai lamba ta biyu wadda ta fi wannan jan hankalin masu horarwa. Kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da tantani da ke kewaye da ita, shi kuwa tantanin nan yakan ɗan riƙe lantarki kafin ya sake shi. Daga wannan jinkiri ake fitar da abin da masana ke kira kusurwa. Ta babban mutum mai lafiya takan tsaya tsakanin digiri 5 da 7, ta 'yan wasa takan ɗara haka, ta majiyyaci ko wanda yunwa ta ci takan faɗi ƙasa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita ɗan Faransa mai suna Thomasset ya gwada ta a cikin 1962 da allurai biyu da ya soka a ƙarƙashin fata, a cikin 1969 kuma Hoffer da abokan aikinsa a Amurka suka nuna dangantakar turjiyar da yawan ruwan jiki. Yau har sikelin banɗaki akwai mai yin wannan aiki, mutum ya taka ba takalmi, ya nuna masa wai kitsensa kashi kaza ne.

A nan ne fa tarkon yake. Na'urar ba ta ganin kitse, turjiya kawai take aunawa. Lambar kitsen da take nunawa lissafi ne da aka ɗura mata, wanda yawanci daga jikin Turawa aka tsara shi. Dogon waya siriri ya fi gajere mai kauri turjiya, haka ma gaɓoɓin mutum: hannu da ƙafa su ne ke ɗauke da mafi yawan turjiyar, gangar jiki kuwa, duk da nauyinta, wajen kashi 10 kawai take bayarwa. Mutanen Afirka galibi sun fi Turawa tsawon gaɓoɓi idan tsayi ya zo ɗaya, gwanayen ninkaya kuma an san su da dogayen hannuwa. Sai na'ura ta ɗora wa yaro kitsen da ba shi da shi. Mai horarwar da ya gaskata wannan lamba ya rage wa yarinya 'yar shekara 15 abinci, ya cuce ta ne da hannunsa yana zaton kimiyya yake bi.

Wani likitan ƙoda na Jami'ar Padua a Italiya, Antonio Piccoli, shi ya kawo mafita a cikin 1994. Ya ce a bar lissafin, a ɗauki lambobin nan biyu yadda suka fito, a raba su da tsayin mutum, a ɗiga su a takardar zane. Idan ɗigon ya yi nisa jiki ya rasa ruwa, idan ya matso ruwa ya ƙaru. Da wannan hanya masu bincike a Sifen suka auna 'yan mata 49 masu rawar cikin ruwa, suka bayyana sakamakon a cikin 2017. Bayan horo nauyinsu ya ragu da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ɗigon kuma ya matsa ya nuna an rasa ruwa, ko da yake bai iya faɗin ko lita nawa ba. A cikin 2020 wasu masana a Lisbon ta ƙasar Fotugal suka bi 'yan ninkaya na tsawon makonni, suka ga kusurwarsu ta ɗaga a daidai lokacin da gudunsu ya ƙaru. Yawan mutanen da aka gwada kaɗan ne, don haka ba a ce an gama magana ba, amma darasin ya fito fili: a gwada yaro da kansa na makon jiya, kada a gwada shi da wani.

Nijeriya ta fara samun 'yan ninkayar da suka cancanci irin wannan kulawa. A wasannin Olamfik na Tokyo a cikin 2021 Abiola Ogunbanwo ta zama mace ta farko daga ƙasar nan da ta gama mita 100 cikin ƙasa da minti guda, a cikin 2025 kuma Abduljabar Adama ya ciwo lambar azurfa a gasar matasa ta duniya a Romaniya. A bikin wasanni na ƙasa, wanda aka soma a Legas a cikin 1973, jihohin bakin ruwa irin su Delta da Bayelsa ne suka saba kwashe lambobin ninkaya, alhali duk wanda ya ga kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya san arewa ba ta rasa gwanaye ba.

Keffi tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga kuma babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina da tafkinsa don wasannin Afirka na 2003, tafiyar da ba ta fi kilomita 70 ba. Abin da zai fi amfani shi ne malaman jami'a da likitoci su haɗa kai su tara awon 'ya'yan wannan yanki, maza da mata, a bazara da hunturu da watan azumi, domin a sami ma'auni na gida.

Sai dai awon yana da sharuɗɗa, in an saɓa su lambar ba ta da amfani. A yi shi da safe a lokaci guda, da na'ura guda, kafin cin abinci, bayan an yi fitsari, fata a bushe, mutum kuma ya ɗan kwanta tukuna. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba a yi masa sam. Kafin a kai ga sayen na'ura ma, sikeli na kasuwa ya isa a soma: a auna yaro kafin ya shiga ruwa da bayan ya fito ya goge jiki. Kowane kilo guda da ya ragu lita guda ce ta ruwa, idan kuma ragin ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, to kada ya koma tafki da yamma sai ya mayar da abin da ya rasa.